Tafiya da karaban a gaɓar Yammacin Ostireliya: arewa zan nufa a Disamba ko kudu?

Baban Amira:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni taka hanyar nan.

A Perth muke zaune, ni da maiɗakina da yara uku. Watan jiya na sayi karaban ta hannu, wato ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ɗaura wa mota a baya. Tsawonta ƙafa 19, in an cika mata ruwa aka loda kaya tana haura tan biyu kaɗan. Prado mai shan dizal ce za ta ja ta. Ban taɓa jan wani abu mai girman haka ba, don haka ɗan koyo ne ni sosai.

An ba ni hutun mako shida daga tsakiyar Disamba, daidai da hutun makarantar yara. Abin da na tsara shi ne mu bi gaɓar teku mu yi arewa: Jurien Bay, Geraldton, Kalbarri, Denham, Carnarvon, Exmouth, har Broome in Allah ya yarda, sannan mu juyo ta inda muka bi. Yaran sun ƙwallafa rai a kan hawan raƙuma a Cable Beach. To jiya na nuna wa wani abokin aikina taswirar, sai ya tuntsire da dariya ya ce iska za ta koya mini hankali, ya wuce bai yi mini bayani ba. Tun daga nan jikina ya yi sanyi.

Shin iskar ta kai a canza hanya saboda ita? In na bar arewa, ina zan nufa a wannan lokaci? Kuma na ji ana cewa masu zagaye ƙasar gaba ɗaya sukan fara ta gabas ne saboda iska, gaskiya ne?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam Baban Amira, Allah ya sanya alheri a sabuwar karaban. Abokin aikinka bai kyauta ba da ya yi dariya ya tafi, amma gaskiya ya faɗa. Taswirarka ba ta da laifi, watan ne ba nata ba. Ka ninke ta ka ajiye sai Yuni.

Bari in fara da iskar tunda ita ka tambaya. Kana Perth, ka san iskar tekun nan da suke kira Likitan Fremantle, wadda ke tasowa bayan rana ta raba tsaka ta sanyaya gari. A cikin gari daɗinta ake ji. Amma in ka wuce Jurien Bay ka doshi Geraldton da Carnarvon, ita ce dai ke rikiɗa ta koma wata aba daban, daga Oktoba har wajen Fabrairu, ta fito daga kudu ko kudu maso yamma, ta wuni tana busawa har dare. Dalilin ba boyayye ba ne: ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, ta teku mai sanyi ta ruga ta cike gurbin, kuma babu wani dutse a gaɓar da zai tare ta. In ka kusa shiga Geraldton, a Greenough, ka duba gefen titi za ka ga itatuwan turare sun kwanta a ƙasa kamar masu sujada, duk sun fuskanci gefe ɗaya. Ba wanda ya sare su, iskar kudu ce mai ɗauke da gishiri ta lanƙwasa su tun suna ƙanana. Abin da ya kwantar da itace, ka ƙiyasta me zai yi wa akwatin da ka rataya a bayan mota.

Wurin tafiya ba za ka gane ba, nan ne ma yaudarar take. Kana yin arewa tana tura ka ta baya, mota ba ta ko nishi, allurar mai kamar an ɗaure ta, ka ce ashe jan karaban ba wuya. Bashi ne kake ci, ranar dawowa za ka biya. Ni na biya nawa a wani ƙarshen Nuwamba tsakanin Carnarvon da Geraldton, kilomita wajen 480, gidajen mai kuma a warwatse. Motata da ta saba shan lita 15 a kilomita 100 in tana ja, ranar sai da ta haura 21. Na shiga wani gidan mai fitilar tanki ta daɗe da kunnuwa, hannuwana sun sage saboda riƙon sitiyari. Lissafin mai sauƙi ne: turjiyar iska ba bin gudu take ɗaya bayan ɗaya ba, ninkin kansa take bi. In kana tafiya a 90 iska mai gudun 30 ta tare ka gaba da gaba, goshin karaban ɗinka 120 yake ji, turjiyar ta kusa ninki biyu ke nan. In ta baya ta biyo ka, 60 yake ji, bai kai rabi ba. Hanya ɗaya, mota ɗaya.

Mai ma da sauƙi, kuɗi ne. Ta gefe ita ce abin tsoro. Titin ba a miƙe yake ɗoɗar ba, duk inda ya karkata sai iskar ta dawo ta haƙarƙari, ga kuma tirelolin nan masu jan wagunu uku, wasu tsawonsu ya haura mita 50. In ɗaya ta gifta ka, sai ta tare maka iskar na ɗan lokaci ta tsotso ka wajenta, tana wucewa iskar ta sake bugun ka. A nan karaban ke fara kaɗa wutsiya. Ɗan koyo da yara uku a baya, ban so maka wannan a tafiyar farko ba.

Duk wannan kuma ƙaramin dalili ne. Babban shi ne abin da ke jiran ka daga Exmouth zuwa sama. Lokacin mahaukaciyar guguwar teku a hukumance daga 1 ga Nuwamba ne zuwa 30 ga Afrilu, kuma gaɓar da ke tsakanin Exmouth da Broome ta fi ko'ina a ƙasar nan shan ta. Daga Port Hedland zuwa Broome kilomita 600 ne da 'yan kai, wuraren shan mai biyu ne kacal a tsakiyar hanyar, Pardoo da Sandfire, sai na Roebuck Plains dab da Broome, kuma na Pardoo guguwar Ilsa ta ragargaza shi a Afrilun 2023. A Janairun shekarar ne ambaliya ta karya gadar Fitzroy Crossing, hanyar kwalta ɗaya tilo tsakanin Broome da Kununurra ta yanke, sai Disamba aka buɗe sabuwar gada. Kar ka ce ai ni ba zan yi nisa haka ba: guguwar Seroja a Afrilun 2021 dab da Kalbarri ta sauka, ta lalata yawancin gine-ginen garin, wurin da mutane ke ganin guguwa ba ta zuwa. Mai gida yana da inda zai fake. Mai karaban sai dai ya ja ya gudu, in hanyar ba a rufe ta ba.

Ko guguwa ba ta zo ba, zafi kaɗai ya ishe ku. Exmouth a Janairu ma'auni yakan kai 38 a rana ta yau da kullum, Broome kuwa gumi ne ba dare ba rana, ga halittun ruwa masu harbi da kan sa a rufe bakin teku. Ka kai yara ruwa su tsaya kallon sa? Arewa nata lokacin rani ne, daga Mayu zuwa Satumba: sama tas, dare da sanyi, hanyoyi a buɗe. Raƙuman ba inda za su je.

Yanzu kam kudu za ka yi. Busselton, Margaret River, Augusta, ka shiga dazukan Pemberton, ka fita Walpole da Denmark, Albany, in hali ya yi har Esperance. Albany a Janairu da wuya ta wuce 25, da daddare ma sai kun nemi bargo. Zangon gajeru ne, awa biyu ko uku kun sauka, abin da sabon hannu ke buƙata ke nan.

Abu na ƙarshe, ko ina ka nufa: tafiyar safe. Jihar nan ba ta juya agogo, a Disamba kafin ƙarfe biyar da rabi rana ta fito. Kar ka tashi da duku-duku bayan asuba, lokacin kangaru ne, ka bari gari ya waye sosai. Ƙarfe shida ka ɗau hanya, kafin sha biyu ka kafa zango. In iskar ta taso ta same ka a zaune kana shan shayi.

Maman Sadiq:

Baba Tsohon Direba ya gama magana a kan arewa, ba ni da ƙari. Amma Baba, da girmanka, ka shafa wa kudu mai da yawa, kar bawan Allah ya ɗauka can aljanna ce.

Mu mun yi Albany zuwa Esperance a Janairu shekara biyu da suka wuce. Kilomita kusan 480 ne, kuma da zarar an bar dazuka fili ne fetal. A wannan gaɓar iskar lokacin zafi daga kudu maso gabas take zuwa da rana, wato mai zuwa Esperance ita zai yi ta sara, sai a dawowa ta tura shi. A Lucky Bay, wani bakin teku kusa da Esperance, yashin fari ne sol kamar gari, hoto ba ya ƙarya, amma daga azahar sai ya taso ya shiga abinci, ya shiga gado, ya shiga kunnen yara. Kwana huɗu ina shara ina tsaki. Rumfar jikin karaban ɗinmu a can ta tafi. Mun bar ta a buɗe muka sauka bakin ruwa da safe, iska ko ganye ba ta kaɗawa, muka dawo ƙarfe biyu muka tarar ta wuntsila kan rufi, ƙarfe ɗaya ya karye. Maigidan bai yi magana da kowa ba har magariba. Baban Amira, duk lokacin da za ka bar wurin, ko na minti talatin ne, naɗe rumfar. Da daddare ma haka.

Kuma in za ka ajiye karaban, kar ka bi kyan kallo, ka bi iska. Ƙofa da rumfa su kasance a gefen da iskar ba ta bugawa, jikin karaban ya zame muku katanga. A kudu wannan yana nufin sau da yawa ku juya wa teku baya. Ba daɗi, amma za ku ci abinci ba yashi.

Abin da ya fi damuna da tsarinka ma ba iska ba ce, wurin kwana ne. Daga Kirsimeti zuwa ƙarshen Janairu rabin Perth a Busselton da Dunsborough suke. Sansanonin gandun daji na gwamnati ana buɗe rajistarsu ne kwana 180 kafin ranar, kuma masu kyau irin Lucky Bay nan da nan ake wawashe su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ka fara neman wuri, inda ka samu shi zai tsara maka hanya. Ka tuna kuma lokacin gobarar daji ne, akwai ranakun da ake hana kunna wuta a waje kwata-kwata, ka riƙa duba sanarwa kowace safiya.

Ni da za a bar ni in zaɓa, Maris da Afrilu ne watannin kudu. Iska ta lafa, ruwa bai yi sanyi ba tukuna, mutane sun koma aiki. Amma mai 'yan makaranta ba shi da wannan zaɓin, na sani.

Injiniya Na Adelaide:

Ba wanda ya taɓa tambayarka ta uku, bari in ɗan sa baki. Maganar fara zagaye ta gabas tana da tushe, amma an mayar da ita kamar doka alhali ba haka ba ne.

Akwai wani ɗamarar iska mai nauyi da ke kwance a kan nahiyar, kuma a wannan ɓangaren duniya iska tana kewaya irin wannan wuri ne saɓanin hannun agogo. Lokacin sanyi, wato wajen Yuni zuwa Agusta a nan, ɗamarar takan hau arewa ta zauna a tsakiyar ƙasar. Sai kudancinta ya samu iskar yamma, arewacinta ya samu ta kudu maso gabas. Wanda ya bar Perth ya yi gabas ta Nullarbor, ƙaton filin nan na gaɓar kudu, a wannan lokaci iska na bayansa, ya hau gaɓar Queensland tana bayansa, ya ratsa arewa daga Cairns zuwa Darwin da Broome tana bayansa. Daga nan ne maganar ta samo asali. Abin da ba a faɗa shi ne ƙarshen zagayen: zai gangaro gaɓar yamma a Oktoba ko Nuwamba, daidai lokacin da iskar kudun da Baba ya ba da labari ta farka. Ba wanda ke zagaye ƙasar nan bai sha iska a fuska ba, sai dai ya zaɓi inda zai sha ta.

Lokacin zafi kuma, wato wajen Disamba zuwa Fabrairu, ɗamarar takan sauka kudu kan teku, sai Nullarbor ta fi samun iskar gabas, mai zuwa Perth ne ke jin daɗi. Na ratsa ta sau biyar, Norseman zuwa Ceduna kilomita wajen 1,200, har da miƙaƙƙen nan na kilomita 146.6 tsakanin Balladonia da Caiguna da ba lanƙwasa ko ɗaya. Sau biyu iskar ta saɓa wa abin da kalanda ta ce. Don haka wata yana ba ka rinjaye ne kawai, hasashen kwana uku shi ne abin dogaro. In ya nuna gobe ba kyau, zauna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In wata rana ka yi wannan hanyar, kar ka cika firji da kayan marmari. Ana karɓe su a Ceduna in kana yin gabas, a Border Village in kana dawowa, can har zuma ba ta wucewa.

Baban Amira:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma Baba. Hajiya na gode, Injiniya na gode. Jiya da daddare muka zauna da maiɗakina muka juya taswirar. Na samu kwana biyar a Busselton kafin Kirsimeti, huɗu a Pemberton, mako guda a kusa da Albany. Lucky Bay kam babu ko gurbi ɗaya kamar yadda Hajiya ta faɗa, don haka Esperance sai yadda ta yiwu. Amira ta yi kukan raƙuma, na lallashe ta da jirgin ƙasan da ke bin gadar Busselton cikin teku.

Arewa kuma muna tunanin hutun Yuli, amma mako biyu ne kawai. Zai kai mu Broome? Sannan Baba, in karaban ta fara kaɗa wutsiyar nan da ka ce, me zan yi a lokacin? Kuma iska mai ƙarfin nawa ce za ta sa in fasa tafiya?

Tsohon Direba:

Hajiya ta kama ni, gaskiyarta. Ni ma rumfa biyu na binne, kunya ce ta hana ni faɗa.

Mako biyu ba zai kai ka Broome ba sai dai in tuƙi za ka je yi. Ta gaɓa ya haura kilomita 2,300 zuwa kawai, kuma doka a jihar nan ba ta yarda mai jan kaya ya wuce 100 ba, ni ma 90 nake ba ka shawara. Ka tsaya a Exmouth, wajen 1,250 ne. Kwana uku zuwa, uku dawowa, takwas a Ningaloo, inda murjani yake dab da gaɓa har yara za su iya kallon kifi da tabarau. Manyan kifayen nan masu ɗigo-ɗigo da ake zuwa iyo da su daga Maris suke zuwa, Yuli kana kan ƙarshen lokacinsu. Sansanonin Cape Range, gandun dajin da ke kusa da Exmouth, su ma wajen wata shida kafin lokaci ake buɗe rajistarsu, ka ƙirga baya daga Yuli, zai faɗo wajen Janairu kana Albany. Ka sa ƙararrawa a waya. A Yuli iskar kudun ta kwanta, sai dai daga Perth zuwa Geraldton ruwa da iskar yamma kan zo rukuni-rukuni, ka bar guda ta wuce ka bi bayanta. Can sama kuma ta gabas ce ke busawa da safe ta lafa da rana, don haka dokar tafiyar safe da na ba ka ba ta cika aiki a can ba.

Kaɗa wutsiya tun a gida ake maganinta. Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyin karaban, kar ka tara su a can baya. Nauyin da ke danne ƙugiyar mota ya zama kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin karaban, ka je ma'auni a auna maka da kayanka a ciki, kar ka yi kintace. In ta fara a hanya, kar ka taka birkin mota da ƙarfi, kar kuma ka yi ta murɗa sitiyari kana bin ta. Riƙe shi a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka danna maɓallin birkin karaban da hannu, shi zai ja ta ta miƙe. Ka nemi fili ranar Lahadi ka gwada har hannunka ya san inda maɓallin yake ba tare da ka duba ba.

Ƙarfin iska kuwa, ka duba hasashen hukumar yanayi ta BOM da daddare. Na bakin teku da not suke bayarwa, not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa, kuma su da kansu suna gargaɗin cewa bugun iska kan iya fin abin da suka rubuta da kashi 40 cikin ɗari. Ni a kaina, in na ga kilomita 40 a awa ta gefe, ba na ɗaura karaban. Kai da kake sabo ka sauko da naka zuwa 30. Shi ya sa nake barin kwana ɗaya a kowane mako ban yi rajistar ko'ina ba, na zaman jiran iska ne.

Wane irin na'urar birki aka sa maka a Pradon? Ka duba ka faɗa mini, don wasu maɓallin nasu a ƙarƙashin sitiyari yake ɓoye, sai an matso da shi.